Ƙafar Baka da Ba Ta Jin Bitamin D

Jama'a, kun san yaron nan da ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka, yana tafe yana rangaji. A ƙauyukan da ke kewaye da Kaduna wannan ba baƙon abu ba ne, kuma galibi ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ke kawo shi. Wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna idan aka ba irin waɗannan yara kalsiyam, ƙashinsu yakan warke.

To amma akwai yaron da za a ba shi kalsiyam, a haɗa masa da bitamin D, shekara ta zagayo, ƙafa tana nan jiya i yau. A nan ne likita zai yi zargin XLH, cutar gado mai kama kusan mutum 1 cikin 20,000.

Ƙashi sai da sinadarin fosfet yake ƙwari, kamar bulo da siminti. A jikin mai XLH, wani sinadari da ake kira FGF23 yakan yi yawa, sai ya sa ƙoda ta riƙa zubar da fosfet cikin fitsari. Ɗiban ruwa a kwando ke nan.

Abin da aka fi mantawa da shi kuwa, yaron nan zai girma, cutar ta girma tare da shi. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka a jikin ƙashi su fara sandarewa, har su koma kamar ƙashi: a agara, a gwiwa, a ƙugu, a gadon baya. Tashi da asuba aiki ne, ruku'u da sujada sai an cije. Tsoka ba ƙarfi, gajiya ba iyaka. Sai a ce ai sanyin ƙashi ne, a yi ta shafa man zafi. Ga dasashi yana tara ruwa alhali haƙori bai ruɓe ba.

Ku dubi dangi. Uba mai cutar yakan gadar wa duk 'ya'yansa mata, banda maza. Idan uwa ce, kowane ɗa, mace ko namiji, zai iya ɗauka, zai iya tsira, rabi da rabi.

Gwajin jini ke tona asirinta: fosfet ya yi ƙasa, kalsiyam yana daidai. In kun je asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya, ku faɗa wa likita tarihin gidanku. Maganin da aka saba shi ne shan fosfet sau da yawa a rana tare da calcitriol, wani nau'in bitamin D na musamman da ya fi wanda aka saba ƙarfi, amma da sa idon likita, don in ya wuce ƙima ƙoda ce za ta ji jiki. Akwai kuma allurar burosumab mai daƙile FGF23, wadda Amurka ta amince da ita a 2018, sai dai kuɗinta ba na talaka ba ne.