Soyayyar jami'a a finafinan Koriya: abin da ke zubewa tsakanin waya da talabijin

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk mai ƙanwa ko 'ya budurwa a gida, da wuya a ce bai taɓa jin harshen Koriya yana tashi daga wayarta ba. Sharhinmu na yau kan reshe ɗaya ne na waɗannan finafinai masu dogon zango, wato na soyayyar ɗaliban jami'a, waɗanda aka ciro daga labaran zane da ake kira webtoon.

Shi webtoon labari ne da ake bayarwa da zane da gajerun kalmomi, an tsara shi daidai allon waya, mai karatu yana jan sa da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Kamfanin Daum ya buɗe dandalinsa a 2003, Naver ya biyo baya a 2004. Mako-mako marubuci yake sakin sabon babi, masu karatu su ba shi maki, su faɗi ra'ayinsu a ƙasa. Saboda haka kafin mai shirya fim ya kashe ko sisi, ya riga ya san labarin da ke da jama'a. Wannan shi ne dalilin da ya sa gidajen talabijin na Koriya ta Kudu suka mai da webtoon rijiyar da suke ɗiba.

Sai mutum ya san abin da jami'a take nufi a ƙasar kafin labaran su shige shi. Kowace Nuwamba ake zana jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, kuma ranar har tashi da saukar jiragen sama ake dakatarwa a lokacin gwajin sauraron Turanci, don kada ƙara ta dami ɗalibai. Yaron da ya tsallake wannan siraɗi, a watan Maris zai shiga makaranta ya tarar da wani tsarin: na gaba da kai a aji shi ne seonbae, dole ka rusuna masa. Samari kuma sukan ajiye karatu su tafi aikin soja na dole, wata 18 a rundunar ƙasa, su dawo sun girmi 'yan ajinsu.

A cikin wannan duniya aka gina Cheese in the Trap, labarin da marubuciya Soonkki ta fara saki a Naver a 2010. Ni a wurina har yau ba a yi na biyunsa ba, kuma ba don soyayyar da ke ciki ba. Hong Seol ɗaliba ce a sashen kasuwanci, 'yar masu ƙaramin ƙarfi, kullum tana lissafin kuɗin makaranta, tana aikin wucin gadi, tana fafutukar tallafin karatu. Aka ba su aikin rukuni, abokan aikin suka zame, wannan ya ce ba shi da lafiya, wancan ya ƙi ɗaga waya. Ta kwana tana yi ita kaɗai. Ranar gabatarwa malamar ta gane ba su san komai a ciki ba, ta ba rukunin gaba ɗaya maki mara kyau, har da ita da ta yi wahalar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ita ko ladan bugun ba ta samu ba. Duk wanda ya taɓa zama a aji da cima-zaune, a Seoul ne ko a ina, ya san zafin wannan rana.

Saurayin kuma, Yoo Jung, ɗan attajiri ne mai fara'a da kowa ke so, amma ita kaɗai ta hango sanyin da ke bayan murmushinsa. Mutum ne da in an taɓa shi ba ya faɗa, sai ya ɗana tarko a ɓoye har wanda ya taɓa shi ya faɗa da kansa. Har tallafin karatun da ta samu, daga baya ta gano da hannunsa a ciki. Tambayar da labarin yake riƙe da ita ke nan: wanda ke taimakonka ta hanyar juya mutane kamar waina, masoyi ne ko abin tsoro?

A Janairun 2016 tashar tvN ta fara nuna shi cikin kashi 16, Kim Go-eun a matsayin Seol, Park Hae-jin a matsayin Jung. Farkonsa ya karɓu ƙwarai. Da aka yi nisa sai aka rage fitowar Jung, aka karkata ga saurayi na biyu, aka bar masu kallo ba su fahimci abin da ya mai da shi haka ba. Shi kansa Park Hae-jin ya nuna rashin jin daɗinsa a fili. Soonkki, wadda a lokacin ba ta ma gama rubuta labarinta ba, ta fito ta ce an daɗe ba a tuntuɓe ta kan rubutun fim ɗin ba, kuma ta roƙi a yi ƙarshe dabam da wanda take shiryawa don kada a ɓata wa masu karatunta. Masu shirin suka ba da haƙuri. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: an rufe fim ɗin da Jung ya bar ƙasar, shekara uku suka wuce, sai alamar cewa ya buɗe saƙonta na imel. Ita marubuciyar sai a 2017 ta kammala nata.

Abin da ke damuna ke nan, jama'a. Marubuciya ta shafe shekaru tana gina halin mutum a hankali, mako bayan mako, sai a matse shi cikin awa 16, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne ɗacin, a bar kyakkyawar fuska.

Ba kullum ake faɗuwa ba. My ID is Gangnam Beauty, da tashar JTBC ta nuna a 2018, ya riƙe ɗacinsa. Kang Mi-rae ta sha tsangwama tun tana ƙarama saboda kamanninta, ta yi tiyatar gyaran fuska kafin ta shiga sashen kimiyyar sinadarai, har mahaifinta ya gan ta bai gane ta ba. Sai ta tarar da sabon zagi: kyakkyawar Gangnam, wato wadda likita ya ƙera, don unguwar Gangnam a Seoul ta shahara da asibitocin wannan aiki. Manyan ɗalibai maza suna zaune suna jera 'yan mata bisa kyau. Wadda kowa ke yabo da kyan halitta kuma, Soo-a, a ɓoye amayar da abinci take yi don kada ta yi ƙiba. Gaskiya ne an kawo mawaƙi kuma ɗan wasa Cha Eun-woo a matsayin saurayin da ke tsaya wa Mi-rae, kuma da yawa shi suka zo kallo, amma fim ɗin bai saki hannun Mi-rae ba, kuma na yaba masa.

Nevertheless na 2021 kuwa, mai kashi 10, labarin ɗaliban zane-zane da sassaƙa ne. A webtoon, jarumar labarin, Na-bi, ta rabu da saurayin da ke wasa da zuciyarta. A talabijin aka mai da ta hannunsa. Yarinya mai shekara 17 da ke kallo, darasi biyu ne mabambanta aka ajiye mata, kuma wanda ya fi sayuwa aka zaɓa. Iyaye su kuma sani, a Koriya kanta wasu kashin wannan fim an keɓe su ga 'yan shekara 19 zuwa sama.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Littattafan soyayya na kasuwar Kano sun ciyar da finafinan Hausa tun farkonsu, yau kuma 'yan matanmu da matan aure suna sakin labari babi-babi ta WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad, masu karatu suna biya suna jiran na gaba. Duk marubuciyar da mai shirya fim ya zo ƙofarta, ina roƙonta, kafin a yi maganar kuɗi ta tambaye shi abu biyu, a rubuce, da shaidu: za a riƙa nuna mata rubutun kowane kashi kafin a ɗauka, kuma wa ke da ta cewa a kan ƙarshen labarin.