Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake kwantar da giwa a yi mata magani?

Jama'a masu sauraro, lokaci ba ya jira, mu shiga wasiƙu.

Wani manomi daga Tudun Wada yana tambaya ko har yanzu akwai giwaye a ƙasar nan. Akwai, malam, a dajin Yankari na jihar Bauchi, sai dai sun ragu ƙwarai.

Sai wasiƙa daga Gwaram, irinta kuma ta zo mana daga Rano da Birnin Kudu: idan giwa ta ji rauni, wa zai riƙe ta a yi mata magani? Muna tare da likitan dabbobi. Likita, bismillah.

"Ranka ya daɗe, ai giwa ba ta riƙuwa. Babban toro yana kai tan 6. Daga nesa ake harba mata allurar sa barci da wata bindiga, a cinya ko kafaɗa. Maganin sunansa etofin, ya ninka mofin, wato maganin kashe zafin ciwo, ƙarfi fiye da sau 1,000. Minti 10 zuwa 15 za ka ga tana tangaɗi, sai ta zube. Ni fa kunnen giwa ke ba ni mamaki, jijiyoyi ne birjik, da shi take fifita jikinta..."

Likita, a dawo kan faɗuwar.

"Yauwa, nan haɗarin yake. In ta durƙusa kan ƙirji, nauyinta zai danne numfashinta, tana iya mutuwa. Dole a tura ta ta kwanta a gefe. A tokare bakin hancin da ɗan kara kada ya toshe, a lanƙwaso kunnen a rufe mata ido saboda rana da ƙura, a yi ta kwara mata ruwa. In an gama, a yi mata allurar makari a jijiyar kunne. Kafin ka ce kwabo ta miƙe, kowa ya yi ta kansa."

Kun dai ji. A gefe ake kwantar da ita, ba kan ƙirji ba, hanci a buɗe, jiki a jiƙe.

Wani makiyayi daga Kazaure kuwa cewa yake a ina zai sayi wannan allura ta etofin, bijiminsa ya gagari kowa. Haba baba! Maganin da ɗan ɗigonsa, in ya shiga ido ko ciwo, zai iya tsayar da numfashin mutum? Ba a sayar da shi a kasuwa, ni kuma na ce gara haka. Don Allah a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai allurar da ta dace da shanu.

'Yar makarantar da ta rubuto daga Ringim, ki yi haƙuri, taki sai mako mai zuwa.