Wai Murtala ya ci Jamhuriyar Benin da yaƙi? Ga yadda abin yake

Jama'a salamu alaikum. Tun shekaranjiya ake ta turo min wani guntun bidiyo a WhatsApp wai Murtala Muhammad ya ci Jamhuriyar Benin da yaƙi a 1967, har jiya da daddare a teburin mai shayi nan Wunti wani bawan Allah ya kusa dafa Ƙur'ani kan cewa sojojinmu sun shiga Kwatano. Toh ba Kwatano bane malam. A lokacin ma ƙasar su Kwatano Dahomey ake ce mata, sai 1975 ta ɗauki sunan Benin. Wannan Benin ɗin tamu ce, babban birnin jihar Edo na yanzu.

Mu ɗan koma baya da sauri. 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasa jiha 12, mu Bauchi da Gombe muka faɗa Arewa maso Gabas, hedikwata Maiduguri. Bayan kwana uku Ojukwu yace gabas ta ɓalle, sunanta Biyafara. 6 ga Yuli aka fara sakin wuta a Gakem wajen Ogoja, runduna ta ɗaya ta Mohammed Shuwa ta gangaro daga arewa. Ogoja ta faɗi, Nsukka ta faɗi, Benjamin Adekunle, kwamandan sojan tarayya, ya biyo ta teku ya kama Bonny inda ake lodin mai, duk a cikin Yulin nan. A wajen Nsukka ɗin aka kashe Nzeogwu, na juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci Sardauna da Tafawa Balewa wanda ga kabarinsa nan garinmu. Gwamnati a Legas ko yaƙi bata kira abin ba, aikin 'yan sanda tace, irin aje a kamo mai laifi a dawo.

To anan zan tsaya, don anan mutane ke ruɗewa. Ku hasko taswirar a ranku. Ga kogin Kwara, ga Onitsha a hannun dama wato gabas, ɓangaren Biyafara, ga Asaba a hagu wato yamma, gada ɗaya ce tsakaninsu. Wannan yankin na hagu shine Yamma ta Tsakiya, gwamnansa David Ejoor, kuma shi lallaɓawa yake kar a maida masa gida filin daga. Kowa ido na arewa ana kallon Nsukka, kwatsam asubar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka tsallako gadar nan a motoci, kafin rana ta faɗi suna cikin Benin, kusan babu wanda ya tare su saboda da yawa daga hafsoshin dake tsaron yankin hankalinsu na tare da Biyafara. Kuma wa ke jagora? Victor Banjo, Bayarabe. Eh, Bayarabe, ku sake saurara in baku ji ba.

 Banjo ya zauna Benin ana ta ja-in-ja da Ojukwu kan wa za'a naɗa ya riƙe yankin, kwanaki suka tafi, sannan ya miƙa har Ore. Ore zuwa Legas wajen kilomita 200 ne, wato ɗan ɗori kan tafiyar Bauchi zuwa Gombe. Ni a ganina wannan zaman na Benin shi ya cinye su, wanda zai hau sama baya tsayawa gardamar tsani, da sun wuce kai tsaye Allah kaɗai yasan me za'a tarar a Legas.

Nan ne Murtala ya shigo labarin. Cikin gaggawa aka haɗa masa runduna ta biyu, har direbobi da kuku da akawu aka kwaso, ya tura sojojin Biyafara baya daga Ore. Da Albert Okonkwo, wanda Ojukwu ya ɗora a Benin, yaga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya shelanta ranar 19 ga Satumba cewa yankin ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, Jamhuriyar Benin. Washegari 20 ga wata sojojin Murtala suka shiga garin. Ƙasar da bata kwana biyu a duniya ba kenan, ita ce wacce ake yawo da ita a WhatsApp. Daga tsallaken gadar nan kuma babu wanda ya ƙara cewa aikin 'yan sanda, yaƙi ne sosai har Janairun 1970.

Sauran da gudu. Banjo, Ojukwu yasa aka harbe shi a Enugu cikin Satumban, Enugu kanta ta faɗi 4 ga Oktoba. A Asaba kuma, 7 ga Oktoba, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza, abin da ba daɗin faɗa amma ya faru. Murtala ya dage sai ya tsallaka Kwara da jiragen ruwa ya kama Onitsha don an karya gadar, sau uku ana maido shi da asarar sojoji masu yawa, sai Maris 1968 ya samu garin bayan ya zagayo ta ƙasa.

A zagayen nan ne akayi kwanton ɓaunar Abagana, shi zamu ɗauko a bidiyo na gaba. Wanda yasan mutumin teburin mai shayin nan don Allah ya tura masa wannan.