Johnny Ramone, mai dakan jita

Jama'a, barkanmu da yamma. Na ga wasu sun fara murmushi da aka ce laccar yau a kan makaɗin jita na Amurka ce. Ku yi haƙuri ku saurara, hannunsa na dama nake so mu duba.

Sunansa na yanka John Cummings, an haife shi a 1948, ya tashi a unguwar Forest Hills ta yankin Queens a birnin New York. Ɗan ma'aikacin gini ne, shi ma a wurin gini ya fara neman abinci. A 1974 ya shiga wani kantin kayan kiɗa ya sayi jita ƙirar Mosrite a kan dala hamsin da 'yan kai, shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Ramones. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma kowa ya laƙaba wa kansa Ramone.

To, ga inda zancen yake. Makaɗan jita suna kai hannu ƙasa su dawo da shi sama, kowace tafiya da sautinta. Johnny ya ƙi. Ƙasa kawai yake bugawa. Kun san mace mai daka: taɓarya ba ta magana sai ta faɗa turmi. Haka hannunsa yake, sai dai da saurin da ido ba ya iya bi, tun daga farkon wasa har ƙarshe ba sassauci. Malam, kai da ke gaba, ɗaga hannunka ka gwada na minti ɗaya, ka ji yadda wuyan hannu zai yi tsami. A zamanin da manyan makaɗa ke jan waƙa minti goma suna nuna gwaninta, faifan Ramones na farko a 1976 waƙa 14 ne cikin minti 29, kuma dala 6,400 aka kashe wajen naɗarsa.

A gida, ƙaramin kulob ɗin kiɗa na CBGB da ke New York ne ya san su. Amma da suka je Landan ranar 4 ga Yuli 1976, samarin Ingila da yawa sun gane cewa ba sai ka yi shekara goma kana koyo ba kafin ka hau dandamali.

Ni dai abin da nake gani, Johnny bai taɓa ajiye halin ma'aikacin gini ba. Kiɗa aiki ne a wurinsa: a fito da wuri, a sa jaket ɗin fata iri ɗaya, a gama, a ƙirga kuɗi. Da haka suka yi wasa 2,263 cikin shekara 22, har suka rufe a 1996.

Halinsa kuwa ba daɗi. Shi ɗan ra'ayin riƙau ne, har ya yi wa Shugaba Bush addu'a a bainar jama'a a 2002. Mawaƙinsu Joey ra'ayinsa daban. Sannan Johnny ya auri budurwar Joey, suka shekara da shekaru mota ɗaya, dandamali ɗaya, magana ba ta haɗa su. Joey ya kwanta ciwon ajali a 2001, Johnny bai ko buga masa waya ba. Shi ma sankara ta ɗauke shi a Los Angeles a Satumban 2004. In kun je maƙabartar Hollywood Forever, mutum-mutuminsa na tagulla yana nan, rungume da jita.