Ajastan Birkin Baya: Ɗan Ƙarfen Da Ake Mantawa Da Shi

Assalamu alaikum direbobi da 'yan'uwana kanikawa. Motar nan da kuke gani jigila take tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Mai ita ya ce birki sai ya kusa ƙasa kafin ya kama, hanbirki kuma sai an ja shi har ƙarshe. Man birki cike yake, babu yoyo. To mu ɗaga ta, mu tokare da abin da ya fi jak ƙarfi, mu cire dirom, wato kwanon ƙarfen birki da ke juyawa tare da tayar baya.

Ku dubi tsakanin shu biyun nan, wato ƙarafan da ke matse dirom daga ciki idan an taka birki. Wannan ɗan ƙarfe mai tiredi, da gare mai haƙora a jikinsa, shi ne ajasta. Kullum lainin, wato abin da ke manne a jikin shu yana gogar dirom, cinyewa yake, yana nisa da dirom. Ajasta ne ke buɗewa haƙori ɗaya-ɗaya yana cike giɓin. A wasu motoci jan hanbirki ke motsa shi, a wasu sai an taka birki ana ribas.

Namu ya daskare. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, tsatsa ta cinye tiredin. Abin da ke damuna, da yawa sai su ɗaure wayar hanbirki kawai su sallami direba, alhali cutar tana nan ciki. Mota ce fa mai ɗaukar rayuka.

Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sifirin, kuma gefe ɗaya za ka kwance, ɗayan ya zame maka madubi. Kada ka hura ƙurar nan da baki ko da iska, tana illa ga huhu. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Warware ajastan, kankare tsatsar da burushin ƙarfe har ya juya da yatsa biyu. Shafa giris mai jure zafi, ɗan kaɗan, a tiredi kaɗai. Ya taɓa lainin, ka ɓata shi.

Ka kula, a motoci da yawa na hagu da na dama tiredinsu ya saɓa. Ka musanya su, birki kwancewa zai riƙa yi.

Bayan ka mayar da komai har da dirom, sassauta wayar hanbirki, juya garen har dirom ya fara gogar shu, sannan ka koma baya kaɗan. Taka birki sau da yawa, ka daidaita wayar daga ƙarshe. Zagaya da motar. Idan dirom ya ɗau zafi yana ƙauri, ka matse da yawa, sai ka rage.