Sharhi: Sunan 'Yan'uwan Isley Na Gida Ne, Ba Na Ronald Shi Kaɗai Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A watan Maris na 2023, wani dattijo mai shekara 83, Rudolph Isley, ya maka ƙaninsa Ronald, uwa ɗaya uba ɗaya, a kotun tarayya da ke jihar Illinois ta Amurka. Ƙorafinsa shi ne Ronald ya je ofishin rajistar tambarin kasuwanci ya yi wa sunan ƙungiyarsu ta mawaƙa, The Isley Brothers, rajista a matsayin mallakarsa shi kaɗai. Wata bakwai bayan shigar da ƙarar, ranar 11 ga Oktoba, Rudolph ya mutu. Ya bar duniya yana shari'a da ɗan'uwansa a kan sunan da suka yi kusan shekara saba'in suna amsawa tare.

Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da ake yawan yi duk lokacin da zancen ya taso: wai ai Ronald shi ne ƙungiyar, muryarsa ake saye, sauran rakiya suka yi masa. Haba jama'a! Duk mai faɗin haka bai san inda aka faro ba.

An faro ne a 1954, a yankin Cincinnati ta jihar Ohio, da yara huɗu 'yan gida ɗaya: O'Kelly, Rudolph, Ronald da Vernon. Waƙoƙin coci suke yi, mahaifiyarsu Sallye tana kaɗa musu fiyano. Kuma wa ke ba da waƙa a lokacin, sauran suna amsawa? Vernon ne, ƙaraminsu. A 1955 mota ta buge shi yana kan keke, ya mutu yana ɗan shekara 13. Yayyensa uku suka ajiye waƙar gaba ɗaya, don ba su ga yadda za su tsaya su rera ba shi ba. Sai da iyayensu suka yi ta lallashi kafin suka koma, kuma a nan ne Ronald ya shiga gurbin ƙaninsa. Ku riƙe wannan da kyau. Matsayin da Ronald yake tinƙaho da shi a yau, rasuwa ce ta kawo shi hannunsa, kuma gida ne ya miƙa masa.

A 1957 su ukun suka nufi New York neman sa'a. Shekara biyu suna fitar da faifai babu wanda ya tashi. Sai a 1959, suna kan dandali suna rera wata waƙar mawaƙi Jackie Wilson, Ronald ya jefa wata kalma da ba ta cikin waƙar, yayyensa biyu suka cafe suka mayar masa, 'yan kallo suka ruɗe. Daga wannan kira da amsa aka gina "Shout", wadda kamfanin RCA ya fitar a wannan shekarar. Duk wanda ya taɓa jin waƙar ya san yadda take tafiya: a ɗaga murya, a yi ta sauke ta har ta koma kamar raɗa, sannan a sake tayar da ita a hankali har ɗakin ya ɗauka. Ɗaya ya kira, biyu su amsa, salon da suka taso da shi a coci. Cire masu amsawa, me ya rage? Kuma a jikin faifan, wurin da ake rubuta waɗanda suka tsara waƙa, sunaye uku ne: O'Kelly, Rudolph, Ronald.

Na san inda ruɗanin yake shigowa ga mai sauraro Bahaushe. Mu a nan mun saba da makaɗi da 'yan amshinsa: suna na ubangida ne, ɗan amshi ya zo ya tafi, sunan ba ya motsi. To wannan ba haka ba ne. O'Kelly da Rudolph ba yaran Ronald ba ne da ya ɗauka aiki yana sallamarsu bayan wasa. Yayyensa ne, tare suka tsara waƙa, tare suka sa hannu a kan yarjejeniya, tare suka kafa kamfaninsu na faifai, T-Neck, a 1964, suka raɗa masa sunan garin Teaneck na jihar New Jersey inda suka koma da zama. A wancan zamani mawaƙa baƙar fata kaɗan ne ƙwarai a Amurka suke da kamfanin kansu.

Ba zan tsaya ina lissafa nasarori ba. Sun yi "Twist and Shout" a 1962, Beatles na Ingila suka ɗauka suka sake rerawa a shekarar da ta biyo. Sun shiga kamfanin faifai na Motown a tsakiyar shekarun 1960, suka ga ba su ake ji da su a can ba, suka tattara nasu ya nasu suka fito a 1968, suka farfaɗo da T-Neck. A 1969 suka fitar da "It's Your Thing", wadda ta ciyo musu Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka. Wa ya kaɗa babbar jitar nan mai kaurin amo da ke riƙe da waƙar tun daga farkonta? Ƙaninsu Ernie, yaro ɗan shekara 16.

A kan Ernie nake so mu ɗan daɗe. A 1964 yayyensa sun ɗauki wani matashi mai kaɗa jita wanda ba kowa ya san shi ba, ba shi da wurin kwana na kirki, suka kawo shi gidan mahaifiyarsu ya zauna. Sunansa Jimi Hendrix, wanda daga baya ya zama shahararren makaɗin jita a duniya. Ernie yana yaro a gidan, yana kallon wannan baƙo da jita ba ta barin hannunsa. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka shigar da Ernie cikin ƙungiyar a hukumance, tare da ƙaninsa Marvin da kuma Chris Jasper, ƙanin matar Rudolph, wanda ya yi karatun kiɗa a makarantar Juilliard. Manya uku, ƙanana uku, shi ya sa aka kira kundin wannan shekarar "3 + 3". Ku saurari "That Lady". Tsohuwar waƙarsu ce ta 1964 da ba ta je ko'ina ba. Abin da ya tashe ta daga kwance shi ne jitar Ernie, wadda ke kuka tun daga buɗewa har rufewa. Shekara goma da suka biyo baya su ne lokacin da ƙungiyar ta fi sayar da faifai a duk tarihinta, kuma yawancin kiɗan da tsarin waƙoƙin daga hannun ƙananan nan ya fito, musamman Ernie da Jasper.

To yanzu a gaya mini, wane Isley Brothers ne na Ronald shi kaɗai? Na 1954 da Vernon ke gaba? Na 1959 da mutum uku suka tsara? Ko na 1973 da jitar Ernie da fiyanon Jasper suka ɗauke a ka? Sunan na gida ne, jama'a. Na gida ne!

Hujjar ɓangaren Ronald ita ce Rudolph ya daɗe da barin fage. Gaskiya ne ya bari. A 1984 ƙananan uku suka ɓalle suka kafa tasu, Isley-Jasper-Isley. A ranar 31 ga Maris na 1986 O'Kelly ya mutu sakamakon bugun zuciya yana da shekara 48. A 1989 Rudolph ya ajiye waƙar duniya ya koma wa'azi a coci. Daga nan Ronald ne ya ci gaba da jan ragama, kuma ba mai musun cewa ya ja ta da kyau. Muryarsa baiwa ce, ya kai ta har cikin wannan ƙarni, matasan da ba a haifa ba lokacin "Shout" sun san shi. Wannan na ba shi, ban rage masa komai ba.

Amma idan ci gaba da aiki ne ma'auni, ina Ernie? Shi da Marvin sun dawo tun 1991. Marvin ciwon sukari ne ya fitar da shi, har aka yanke masa ƙafafu, ya mutu a 2010. Ernie kuwa bai sake gusawa ba, sama da shekara talatin yana tsaye a gefen yayansa da jita a wuya. Idan wanda ya tsaya shi ke da suna, me ya sa takardar ba ta ɗauke da sunan Ernie? Hujjar ta rushe tun daga nan. An auna Rudolph da ma'aunin da aka ƙi auna Ernie da shi.

Kuma kada wani ya ɗauka ina wanke Rudolph tas. Abin da ya nema a kotu shi ne a tabbatar cewa shi da Ronald rabi da rabi suke. Rabi da rabi! Su biyu ke nan. A wannan lissafin ma babu Ernie, babu Marvin, babu Jasper. Dama can a zamanin da suke su shida, kamfani da takardun yarjejeniya suna hannun manyan uku ne, kuma maganar kuɗi tana cikin abin da ya kori ƙananan a 1984. Jasper sai da ya je kotu daga baya yana neman haƙƙinsa. Ke nan cutar ta daɗe a gidan: wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta kansa ya manta da na ƙasa da shi. Abin da Ronald ya yi shi ne ya kai ta ƙarshe, ya rage sunayen har suka koma ɗaya.

Mai yiwuwa dokar tambarin kasuwanci ta Amurka tana da hanyar da za ta ba mutum ɗaya irin wannan suna. Ni ba a kan abin da lauya zai iya ƙwatowa nake magana ba. Ina magana ne a kan abin da duk mai kunne ya ji a faifai. Su kansu cibiyoyin karrama mawaƙa na Amurka ba su yi wannan kuskuren ba. A 1992 da aka shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na Rock and Roll, mutum shida aka kira. A 2022 da aka shigar da su zauren girmama marubuta waƙa, mutum shida aka sake kira: O'Kelly, Rudolph, Ronald, Ernie, Marvin da Chris Jasper. A wannan shekara ta 2022 ɗin dai aka amince da rajistar da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya. Ta yaya za a ce shida ne suka rubuta, shida suka gina, amma ɗaya ne ya mallaka?

Jasper ya mutu a watan Fabrairun 2025. Masu iya tashi su ce “muna wurin” suna ta ƙarewa, kuma idan aka ci gaba da maimaita cewa Ronald ne ƙungiyar, nan gaba kaɗan haka za a rubuta, haka yara za su karanta. Mu masu aikin rediyo muna da hannu a wannan, don mu ne muke sa faifai mu kira sunan mai murya mu wuce. Duk ranar da aka sa "That Lady" a iska, a faɗa wa masu sauraro cewa jitar da suke ji ta Ernie ce. Idan "Shout" ce, a gaya musu masu amsawar nan O'Kelly ne da Rudolph, kuma da su aka tsara ta.