Masallacin Rustam Pasha: Masallaci a Bisa Shaguna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, idan aka ambaci masallatan Istanbul, hankalin kowa na zuwa kan Sulaimaniyya ko Aya Sofiya. Ni yau ƙarami na kawo muku, wanda mutum zai iya wucewa ta gindinsa bai san da shi ba.

Yana cikin unguwar 'yan kasuwa ta Tahtakale, kusa da kasuwar kayan yaji, a layin da aka sani da masu saƙar tabarma. Sunansa na Rustam Pasha ne, babban wazirin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, kuma mijin 'yarsa Mihrimah. Wazirin ya rasu a 1561, aka kammala ginin wajen 1563, bai yi sallah a ciki ba. Wanda ya zana shi kuwa Sinan ne, sarkin maginan daular.

To, ku duba matsalar da Sinan ya tarar. Fili ɗan kaɗan, lunguna a matse, hayaniyar ciniki tun safe. Sai ya ɗaga masallacin sama, ya ɗora shi a kan shaguna da ɗakunan ajiya. Za ka shiga wata 'yar ƙofa, ka hau matakala mai duhu, sai ka tsinci kanka a farfajiya, surutun kasuwa ya koma ƙarƙashin ƙafarka. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai. Shagunan nan waƙafi ne. A wancan zamani, kuɗin hayarsu ke taimakawa wajen biyan liman da ladan, da man fitilu, da gyara. Tun ana aza tubali aka yi tunanin abin da zai riƙe masallacin bayan mai shi ya kwanta dama.

A ciki, ƙubba ɗaya ce zaune a kan ginshiƙai 8, huɗu tsaye a fili, huɗu manne da bango. Hasumiya ɗaya. Sai tayil na garin Iznik, wanda ya lulluɓe bango da ginshiƙai da mihrabi: shuɗi a kan fari, furen da Turkawa ke kira lale iri-iri, da wani ja mai kama da tumatir wanda a lokacin masu yin tayil na Iznik ba su daɗe da gano sirrinsa ba.

Gobarar 1660 ta taɓa shi, girgizar ƙasa ta 1766 ma haka, aka gyara. Har yau idan ladan ya kira azahar, 'yan kasuwar layin kan hau matakalar nan su yi sahu.